Kujerar Moidu Mai Lema

Umma Sainaba ta ƙara masa gurasar shinkafa a faranti, ta zuba miyar kifi a gefe, sannan ta tsaya tana kallon ƙafarsa da ke ta rawa a ƙarƙashin tebur.

"Jasir, wannan ƙafar taka ina za ta ne?"

"Ba ko'ina, Umma."

"To ce mata ta zauna. Tun da ka dawo daga Dubai ban ga ka ɗumama kujera ɗaya ba. Akwatinka ma ga shi can a bayan ƙofa, ko kwashe kayan ba ka yi ba, sai ka ce baƙon otal."

Jasir ya yi dariya, ya danne gwiwar da hannu. Gaskiya ta faɗa. Shekaru ya yi a Dubai yana sayar da agogo a wani makeken kanti mai sanyi kamar firji, kullum yana mafarkin Kalikut, garinsu a kudancin Indiya. Yanzu ga shi a Kalikut, amma garin ya yi masa kaɗan. Lungunan sun tsuke, ranar ta yi tsawo, abokai kowa ya kama gabansa. Abu ɗaya ne ya hana shi komawa tun makon farko, kuma Umma ta san sunan abin.

"Yau ne za ka gidan su Suhara?"

"Bayan la'asar, in Allah ya so."

"Ka dai san sharaɗin gidan nan ko?"

"Haba Umma! Zancen kujerar nan? Ai labarin da ne. Wa zai sa mutum gyaran lema a wannan zamani?"

Umma ta miƙe. Ta ɗauke kwanon miya, tana murmushin da bai gane ba.

Bayan la'asar ya isa babban gidan su Suhara a unguwar Kutticira. Kakarta, Ummamma Imbici, tana zaune a kan gadon lilo tana jan carbi. Gefenta mahaifin Suhara ne, Alikoya Haji, gemunsa fari fat. Can jikin bango kuma yayanta Rishad ya harɗe hannuwa, fuska ba yabo ba fallasa.

"Matso in gan ka," in ji tsohuwar. "Kai ne ka zo ka ƙwace min jika? Da ni ka nema ai da an gama magana tun a bakin ƙofa."

"Ummamma, ke ai kin fi ƙarfina."

"Ka san da haka! Ango, miƙa masa shayi."

Alikoya Haji ya miƙo kofi ba musu. Ya haura sittin, ya je Makka, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, amma tun da gidan matarsa ya tare kamar kowane namiji a unguwar, ango ake kiransa, kuma ango za a ci gaba da kiransa har ranar da za a ɗauki makararsa.

Tsohuwa ta ajiye carbi.

"Ka san Kantin Moidu, amma ba ka san Moidu ba. Ubana ne. Da ya zo Layin Alawa, 'yar kujera ce da shi da filaya da allura. A bakin barandar wani yake tsugunawa yana gyaran lema. Daga gyara ya fara sayar da sababbi. Mai sayen lema ya ce yana son takalmin roba, ya kawo. Matarsa ta ce ita yadi take so, ya kawo. A haka ya sayi barandar, ya sayi ɗakin da ke bayanta. Ni kaɗai Allah ya ba shi, sai ya yi waƙafin kantin ga 'ya'ya mata, mijin 'ya ya riƙe makulli. Mijina ya ɗora hawa na biyu, ya zuba tukwane da kayan ɗaki. Wannan angon ya ɗora na uku, har ya sa mana matattakala mai tafiya da kanta, wadda har yau ban yarda na taka ta ba."

"Ba ta cizo, Umma," in ji Alikoya Haji.

"Yi min shiru. Yanzu layi ya zo kan Suhara. Wanda zai aure ta sai ya zauna a kujerar Moidu, a bakin ƙofar kanti, daga ruwan farko har damina ta ɗauke. Duk wanda ya kawo lema a gyara masa, ba a karɓar ko rupi ɗaya. In ka tashi ka bar ta kafin lokaci, to ka bar Suhara ke nan. Ka ji?"

Jasir ya yi lissafi a ransa. Hutunsa ya riga ya ja, kuma bizarsa ta zama a Dubai mutuwa za ta yi idan ya daɗe a waje. Wa'adin zai cika ne a tsakiyar damina. Ya buɗe baki zai faɗa, sai labulen ƙofar ciki ya motsa. Ido biyu kawai ya gani, da gefen wani koren mayafi.

"Na ji, Ummamma. Na yarda."

Rishad ya saki wata gajeriyar dariya, ya fice.

Ruwan farko ya sauko ranar da aka koma makaranta, kamar yadda ya saba. Jasir ya tarar an fito da kujerar: 'yar guntuwa, baƙa wuluk don tsufa, tsakiyarta ta lotsa saboda zaman maza uku. Gefenta akwatin ƙarfe ne cike da wayoyi, zare, da guntayen jan yadi. Da jan yadi kaɗai ake faci a wurin nan, tun zamanin Moidu.

A bayansa kuwa hawa uku na ta haske. Iyaye na tururuwa suna sayen yunifom da jakunkuna, amare na zaɓar tukwane, matattakala na hawa da mutane tana sauke su. Shi kuma ga shi a ƙasa, feshin ruwa na dukan ƙafarsa, allura ta soke shi tun kafin ya gama lemar farko.

Mai lemar, wani tsoho mai tallan kifi, ya ɗaga ta sama ya duba facin.

"Ɗan nan, wannan faci ne ko taswirar ƙasa?"

"Sori, Baba. Yau na fara."

"Na ga alama. Allah ya sa ruwan ma ya ji tausayinmu."

Facinsa duk haka suke fitowa, a karkace, gefe ɗaya a tattare. Rishad kan wuce da tarin makullai a ƙugu yana ba ma'aikata umarni, sai ya ɗan tsaya.

"Manajan Dubai! Yaya ofis? A ƙaro maka iya-kwandishan ne?"

"Na gode, Rishad-ikka," in ji Jasir, don ikka suke ce wa yaya. "Wanda Allah ya kunna ma ya isa."

"Ka riƙe filayar da kyau, ba cokali ba ce."

Abin da ke riƙe shi a kujerar yana saukowa ne daga sama. Suhara ce ke kula da sashen yadin mata a hawa na biyu, tagarta daidai kansa. Da hantsi sai ya ji wani abu ya taɓa masa kafaɗa: ɗan kwando ne a bakin igiya, da fulas ɗin baƙin shayi da soyayyar ayaba a ciki. Ya ɗaga kai.

"Malam mai gyara," ta ce ƙasa-ƙasa, "an ce yau ka ɗinke lema da wandonka."

"Sharri ne! Bakin rigata ne kawai."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Ka sha tun da zafi. Kuma ka daina kaɗa ƙafa, tun daga nan nake hangowa."

"Suhara, wallahi kujerar nan ƙaya gare ta."

"Uppa ma, babana, haka ya ce lokacin da ya zauna a kanta. Ga shi har yau yana raye."

Ta ja igiyarta ta rufe taga. Shi kuma sai ya ga ya gyara lema biyu bai ko duba agogo ba.

A gida, wata safiya zai fita, Umma ta ciro tsohuwar lemar mahaifinsa marigayi daga ƙusa, baƙa mai lanƙwasasshen mariƙi.

"In ka samu sarari ka duba min wannan. Tana ɗiga ta tsakiya."

"Umma, a yar da ita mana, in kawo miki sabuwa daga kanti."

"Ni wannan nake so."

"To, gobe."

Gobe ta zo ta wuce, wata goben ma haka. Lema ta koma kan ƙusarta.

Damina ta yi nisa. Ruwa ba ya ɗaukewa, kaya ba sa bushewa, bango ya yi kore. Abokan Jasir na Dubai suka samu hotonsa a kan kujera, suka yi ta turo masa dariya a waya. Sai kuma ranar da manajansa ya kira: an buɗe sabon reshe, shi ake so ya riƙe, amma in bai sauka kafin ƙarshen mako ba, biza ta mutu, aiki ya tafi.

Ya ajiye wayar ke nan Rishad ya tsaya a kansa. Wannan karon ba tsokana a fuskarsa. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba.

"Na ji komai. Jasir, mu yi maganar maza. Kai ba ka son kantin nan. Ƙarya na yi?"

Jasir ya juya filaya a hannunsa, Rishad ya ci gaba.

"Ni kuwa a cikinsa na yi rarrafe. Na san kowace kanta, na san ɗigar rufin hawa na uku, na san wace tsohuwa ce ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta. Amma saboda ni namiji ne, ranar da na yi aure zan ɗauki jakata in tafi gidan wasu, a miƙa wa baƙo makullin kakana. Ka taɓa jin na yi ƙorafi? To yau ga hanya. Ka ɗauki ƙanwata ku tafi Dubai. In ita da kanta ta ce ta zaɓi tafiya, Ummamma ba za ta ɗaure ta ba. Kai ka samu Suhara da aikinka, ni a bar ni da kantina. Wa aka cuta?"

Maganar ta shiga Jasir kamar ruwan sanyi. Har ga Allah, abin da zuciyarsa ke raya masa ke nan tun tuni.

Da azahar, da ma'aikata suka tafi masallaci rukuni-rukuni, ya sami Suhara a bakin tsohuwar matattakalar katako ta baya, tana naɗe wani yadi. Ya zayyana mata komai, yana magana da sauri, yana kwatanta mata gidan da za su kama, da teku, da titunan da ba taɓo.

Ta bari ya gama.

"Ikka ne ya ba ka wannan shawarar?"

"Ko bai ba ni ba, gaskiya ce. Filis, Suhara, ki duba. Shekarun da na yi ina wahala a can, in watsar saboda lema?"

"Ba saboda lema ba ne, Jasir."

"To saboda me?"

"Saboda ni!" Ta daina naɗe yadin. "Shekara nawa ina jiranka? Masu nema sun zo, na ce a'a. Ummamma ta yi faɗa, na ce a'a. Kullum kana waya: baɗi, baɗi. Ni na zauna! Ban san ranar dawowarka ba, amma na zauna. Kai damina ɗaya aka ce, ka san farkonta ka san ƙarshenta, ka kasa?"

"Ai tare za mu tafi—"

"In bar Ummamma da wa? Ita ta raine ni tun ranar da Ummata ta rasu. In bar Uppa? Kuma in mun je can, ranar da can ɗin ma ya ishe ka fa? Ƙafar nan taka ba Kalikut ce ta dame ta ba. A waya ma ina jin ta, kana Dubai kana cewa gida kake so."

Hawaye suka zubo mata. Ta share da bakin yadin da ke hannunta, ta manta na sayarwa ne.

"Ba zan riƙe ka ba. In ka tafi, Allah ya tsare. Amma kada ka ce min baɗi."

Ta haye sama. Ranar kwando bai sauko ba.

Jasir ya sayi tikiti. Ya gaya wa kansa cewa namiji ba ya wasa da abincinsa, cewa in ya kafu zai dawo ya lallashe su. Haɗa kaya bai ba shi wuya ba, tun da akwatin bai taɓa zama fanko ba.

Da safe ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Babur mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Umma ba ta yi masa faɗa ba, ba ta roƙe shi ba. Ta sa masa alawa a jaka, ta dafa kansa ta yi addu'a, ta ciro baƙar lemar ta rako shi bakin titi.

Da babur ya tashi, ya waiwaya. Wancan karon da zai tafi bai waiwaya ba, ɗoki bai bar shi ba. Yau ya ga abin da ya bari a baya: 'yar tsohuwa a tsaye cikin ruwa, ta riƙe lemar mijinta da hannu biyu, ruwa na ɗiga ta tsakiya yana sauka a kan farin mayafinta, ita kuwa ko matsawa ba ta yi ba. Babur ya sha kwana, ta ɓace masa.

Ya juyo ya runtse ido. Da ya buɗe, sun shiga cunkoson bakin kasuwa, babur na tafiya kamar ba ya so. Wata yarinya ta gifta da jakar makaranta, a kan lemarta ga jan faci a karkace. Ya bi ta da kallo. Nasa ne! Ya tuna ta, ita ce ta yi kuka don kada a gaya wa babanta ta karya. Can gaba ga tsoho mai kifi a kan kekensa, taswirar ƙasa na bisa kansa, kuma kansa a bushe. Ga wata mai ciki a bakin asibiti. Ga ladanin unguwarsu. Ga wasu 'yan mata biyu sun matsu a ƙarƙashin guda ɗaya. Duk inda ya juya sai ya hango ja, a tattare, a karkace, ba mai kyau ko ɗaya, amma duk suna tare ruwa.

Ya tuna dubban agogon da ya sayar a Dubai. Ya yi ƙoƙarin tuno fuskar mutum ɗaya da ya saya, ya kasa. Ya tuna ranar da ya yi zazzaɓi ya kwanta, aka sa wani a gurbinsa, ba wanda ya lura.

Kuma duk garin nan ya rufa wa kai, ban da mace ɗaya.

Ya dubi ƙafarsa. Tana nan a ajiye, shiru.

"Direba, juya."

"Juya ina? Ba jirgi za ka kama ba?"

"Na fasa. Mayar da ni inda ka ɗauko ni."

"Kai, mutanen Dubai! To kuɗin mai dai ba a fasa shi."

Umma na nan inda ya bar ta. Ya sauko da akwati, ya karɓi lemar daga hannunta, ya yafa mata rigar ruwansa.

"Umma, goben ta yi."

Ta buge shi a kafaɗa.

"Ja'iri! Wuce ka tafi, rana ta yi. Akwatin kuma ni zan kwashe shi da hannuna."

Da gudu ya shiga Layin Alawa, jiƙe sharkaf. Ya san hantsi ya yi, ya san kowa ya ga kujera ba kowa, ya san magana ta ƙare. Zai dai je ya faɗi a gaban tsohuwa ne, ta yi yadda ta ga dama da shi.

Sai ya yi turus.

Kujerar ba fanko take ba. Mutane sun yi layi da lemominsu, kuma a zaune, ya naɗe hannun farar rigarsa, filaya a hannu, zare a baki, Rishad ne. Yatsunsa na tafiya kamar na tela. Ya lanƙwasa waya, ya ɗaure, ya ɗora faci shafe lau kamar a jiki aka saƙa shi.

Ya ɗago suka haɗa ido. Rishad ya tofar da zaren.

"Me kake kallo? Na buɗe kanti na ga mutane a tsaye cikin ruwa. Tun da aka kafa wurin nan ba a taɓa barin kujerar nan ba kowa da damina ba. In tsaya ina kallo?"

"Ikka, a ina ka koya?"

"A bayan Uppa, ina yaro. Ba wanda ya tambaye ni ne." Ya kau da kai. "Na zaci in ka tafi zan ji daɗi. Jiya Suhara ko abinci ba ta ci ba. Ni na jawo, na sani."

"Kun gama?"

Muryar daga cikin ƙofa ta fito. Ummamma Imbici ce a kan kujerar roba, an lulluɓe ta da bargo, Alikoya Haji na tsaye a bayanta. Jasir ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Ummamma, na tashi. Na karya sharaɗi. Ba ni da bakin—"

"Har ina ka kai?"

"Bakin kasuwa."

"Bakin kasuwa kawai? Ango, kai har ina ka kai?"

Alikoya Haji ya shafa gemu, ya dubi silin.

"Tashar jirgin ƙasa, Umma."

"Har ya shiga jirgin, kunya ce ta hana shi faɗa! Nawa mijin kuwa sai da ya kwana can garin Talasseri. Yaro, ba a yi namijin da ya zauna a kujerar nan bai gudu ba. Ubana ya san da haka. Ya ce min: Imbici, kowa na iya cije baki ya zauna don kanti mai kyau. Ki jira ranar da ya gudu, ki ga ko zai dawo da ƙafarsa ba wanda ya kira shi. Shi ya sa na hana kowa ya buga maka waya." Ta nuna lemar hannunsa. "Wannan fa?"

"Ta Ummata ce. Tana ɗiga."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa.

"To zauna ka gyara. Damina ba ta ƙare ba, kada ka ɗauka an yafe maka sauran."

Rishad ya yunƙura zai tashi.

"Kai kuma ina za ka? Zauna!" Ta buga sandarta. "Shekara da shekaru kana yawo da makullai a ƙugu kana kumbura fuska, kana jiran a ce maka ga kanti. Ka taɓa zuwa ka ce min, Ummamma, ina son in zauna a kujerar kakana? Moidu ya ce kanti na 'ya'ya mata ne, bai ce a kori 'ya'ya maza ba. Ni dai ban taɓa ba da makulli ga wanda bai tsuguna a ƙofar nan ba, kuma yau na ga ka tsuguna ba wanda ya sa ka. Ango, a kira kafinta ya yi kujera ta biyu."

Rishad ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Jasir ya tsuguna kusa da shi, ya buɗe baƙar lemar.

"Ikka, nuna min yadda ake yi kada ya tattare."

Rishad ya ja hanci, ya goge ido da bayan hannu.

"Miƙo nan, manajan banza. Ba a jan zare kamar ana ɗaure akuya."

Suna cikin haka wani abu ya sauko a hankali ya tsaya a tsakaninsu. Kwando ne, da fulas, da kofi biyu. Jasir ya ɗaga kai. Idanunta sun kumbura, amma murmushi take.

"Malam mai gyara, ka makara yau."

"Na yi ɓatan hanya ne. Suhara, ba zan ƙara ce miki baɗi ba."

"Sha shayinka," ta ce, hawaye na gangarowa. "Zai huce."

Ƙarshen mako ya zo, biza ta mutu, aka ba wani aikin. Jasir ya ji zafin abin, ba a ce bai ji ba. Akwai ranakun da ƙarar jirgi kan sa ya ɗaga kai sama har ta ɓace. Amma sai wani ya miƙo masa lema, ya sauke kai ya kama aiki.

Da sama ta washe, aka ɗaura aure a babban masallacin Kutticira, aka ci shinkafa da nama har maƙwabtan maƙwabta. Ranar da ya tare, Ummamma ta kira su gaban gadon lilo. Ta ba Rishad makulli ɗaya, ta ba Jasir ɗaya, sannan ta kama hannun Suhara ta ɗora a kan nasu.

"Ku riƙe mata. Ango, ka ji?"

Alikoya Haji da Jasir suka amsa a tare, "Na'am, mun ji," gida ya kwashe da dariya.

Har yau, in ruwan farko ya sauko a Layin Alawa, za ka ga kujeru biyu a ƙofar Kantin Moidu. Za ka kuma iya cin karo da wata tsohuwa mai farin mayafi tana tafiya a hankali da baƙar lema, jan faci a tsakiyarta, ɗan karkatacce kaɗan. An sha ba ta sabuwa ta ƙi.

Samari 'yan uwana, so ba a baki yake ba, ba kuma a alkawarin baɗi ba. Wanda ke son mutum yakan zauna inda mutumin yake, ya jure ruwa da gori, in zuciya ta fizge shi ya gudu, ya yi ta maza ya dawo. Suhara ta yi haƙuri ta samu mijinta, Rishad ya sauke girman kai ya samu gadon kakansa, Jasir kuwa ya rasa Dubai, ya samu wurin da in bai zo ba za a lura. Allah ya ba mu haƙurin zama da waɗanda suka zauna dominmu.